Kafin a Ɗaura Wa Alƙalami Sirdi: Sabon Marubucin Labarin Yaƙi a Ƙasar Gumel

Idan aka ɗauke soyayya, da wuya a sami jigon da ke jan matashi mai sha'awar rubutun Hausa kamar yaƙi. Yaron da ya tashi yana karanta littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ko yana sauraron su a waya, ranar da ya ɗauki biro abin da zai fara zuwa masa shi ne wani birni mai nisa da ba a taɓa jin sunansa ba, da sadauki mai takobin tsafi, da boka a cikin kogo, da rundunar aljanu. Wannan hanya tana da masoya, kuma ta raya karatun Hausa a gidaje da yawa. Amma akwai tambayar da ta kamata matashin Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ya yi wa kansa kafin ya rubuta shafin farko: me ya sa zan tafi neman filin daga a ƙasar da ban sani ba, alhali ƙasar da nake takawa ta shafe shekaru fiye da ɗari tana karɓar hari tana mayarwa? Ra'ayina shi ne littafin yaƙi na farko ya fi ƙarfi idan ya tsiro daga ƙasar marubucinsa da mutanen da yaƙi ya faɗa wa a ka, kuma abin da ke ba mutum ikon rubuta shi bincike ne da sauraro, ko da bai taɓa sa kaki ba.

Tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa wannan zaɓi yake gaban marubuta. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, biyu daga cikin littattafan da suka fito sun taɓo yaƙi, kuma dukansu na sababbin hannu ne. Gandoki na Malam Bello Kagara ya buɗe da faɗace-faɗacen zuwan Turawa, da Kwantagora da sarakunan da mutane suka san sunayensu, sannan daga baya ya kwashi jaruminsa zuwa ƙasashe masu nisa inda ake karawa da aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya kalli zamanin hari daga ƙasa: yaro da aka sace, da uwa da ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wanda ya karanta su biyun zai ga inda kowane ya fi kama zuciya. Gandoki yana da armashi a ko'ina, amma ɓangaren da ya tsaya a ƙasar da marubucin ya sani shi ne ya zama shaida a kan wani zamani. Shaihu Umar kuma, wanda babu sadauki mai kashe dubu a cikinsa, har yau yana sa mai karatu ya yi shiru. Bayan kusan shekara hamsin, a 1982, Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda ya nuna abin da bindiga ke yi wa wanda ya saba da ita bayan an gama yaƙin basasa. Ke nan sabon marubuci yana da magabata a kan wannan hanya, ba dawa zai shiga ba.

To, me ƙasar Gumel ta tanadar masa? An kafa masarautar wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, ta kuma kasance ƙarƙashin inuwar Borno. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya mamaye ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 19, Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba. Wannan kaɗai ya ishi marubuci abin tunani, domin ya mayar da ita ƙaramar ƙasa a tsakanin manya: Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a gabas, Damagaram a arewa, uwar gijiya Borno kuma can nesa, taimakonta ba ya zuwa da wuri. A 1845 aka taso da hedkwatar masarautar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda Gumel take a yau. Rikici da Haɗeja ya ja har zuwa rasuwar Sarkin Gumel Abdullahi a 1872, kuma a cikin waɗannan shekaru ne Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato kanta, ya hana maƙwabta barci. A arewa Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa a Zinder, hare-haren Damagaram na ƙarshen ƙarnin kuma suka rage wa ƙasar Gumel jama'a. A 1903 Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila ba tare da yaƙi ba, shekara uku bayan haka, a 1906, Haɗeja ta zaɓi ta yi faɗa, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Sarakuna biyu maƙwabta, barazana ɗaya, shawara biyu mabambanta: wanda ke neman jigon littafi ba zai sami wanda ya fi wannan nauyi cikin sauƙi ba.

Akwai ma wanda ya gani da idonsa ya rubuta. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gumel a 1851 zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya same ta garin kan iyakar Borno mai cike da hada-hada, kasuwar kanwa tana ci. Da ya sake biyowa bayan 'yan shekaru sai ya tarar rikicin gadon sarauta ya durƙusar da garin. Tsakanin waɗannan ziyarori biyu akwai littafi guda cur. Ina fataken kanwa suka koma? Wa ya gudu, wa ya tsaya, wa ya ci riba? Tarihi yana ba da sunan sarki da shekara, ya yi shiru a kan mai jaki da mai sayar da fura, kuma a wannan shirun ne marubucin ƙagaggen labari yake da aiki. Yanayin ƙasar ma yana koyar da yadda za a rubuta yaƙinta. Ƙasa ce ta rairayi da jigayi, babu babban kogi, rayuwa a kan rijiya take. Hari yakan zo da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, lokacin da hanya ta bushe kuma akwai abin kwasa. Wanda ya riƙe rijiya ya riƙe yaƙi, domin dawaki ɗari ba sa kwana biyu babu ruwa. Marubucin da ya fahimci wannan zai iya buɗe labarinsa da asuba a bakin rijiya, mata suna jan guga, wata yarinya ta lura tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga wajen arewa, ƙura kuma ta fara yin ja a inda ba a saba ganin garke ba. Kafin a zare takobi ko ɗaya, tsoro ya riga ya shiga jikin mai karatu.

Irin wannan sani na kusa shi ne jarin marubucin yaƙi, kuma shi ne abin da sababbi suka fi sakaci da shi. Ɗauki ɗan lifida. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki ana sa wa mahayi, ga kwalkwali a ka, wani ma da sulke a ciki. Yana tare kibiya, amma nauyinsa da zafinsa a rana ta watan Maris ba wasa ba ne. Dokin da ke ɗauke da shi ba ya dogon sukuwa, mahayin da ya faɗi ba ya tashi da sauri, wuta kuma abokiyar gabarsa ce tunda auduga ce. A bayan kowane barde akwai mai yankan ciyawa, da mai ɗaukar ruwa, da maƙerin da ya gyara linzami, da matar da ta daka guzuri. Akwai dakaru masu kwari da baka da ke tafiya a ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa kuma su ne ba a yi wa kirari. Bindigar toka tana buƙatar lokaci kafin a sake ɗura mata albarushi, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ake mutuwa. Wanda ya rubuta jarumi yana sukuwa da lifidi tun safe har la'asar ya nuna bai tambaya ba, kuma a garin da ake hawan salla duk shekara, inda har yanzu akwai masu dawaki da masu ɗinkin kayan doki, rashin tambaya ba shi da uzuri. Haka abin yake ga mai rubuta sojan zamani: dole ya san bambancin kurtu da kofur da saje da samanja, ya san hafsa daban yake da sauran sojoji tun daga ƙofar shiga, ɗaya ta makarantar horar da kurata ta Zariya, ɗaya ta makarantar hafsoshi ta Kaduna, ya san yadda ake magana a bariki da yadda ake jiran albashi.

Yaƙe-yaƙen wannan yanki ba su ƙare da zuwan Turawa ba, salo suka sauya. A yaƙin duniya na biyu an kwashi samarin Arewa masu yawa zuwa Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma, cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, don haka marubuci yana da tashar da zai tsayar da saurayinsa da ƙunshin kaya, uwarsa tana masa addu'a ba ta san ko akwai teku tsakaninta da inda za shi ba. Sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wanda fitattun littattafan da aka rubuta a kansa galibi da Turanci suke, muryar ƙaramin sojan da ya fito daga ƙauyen Arewa kuma ba ta cika fitowa a cikinsu ba. Sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sai rikicin Boko Haram tun 2009. Ko a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, da aka rufe iyaka aka fara maganar tura sojoji, mutanen Maigatari da Sule Tankarkar sun ɗanɗani abin da ake kira zaman jiran yaƙi. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, inda raƙuma da shanu ke shigowa daga arewa, ta ji a jikinta, kuma dangi da ke tsallake biyu na iyakar da Ingila da Faransa suka shata sun kwana suna tunanin wa za a ce su harba. Ba a yi yaƙin ba, amma fargabarsa labari ce mai zaman kanta.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce: wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, da wane baki zai ba da labarin yaƙi? Maganar tana da nauyi, domin akwai abin da sai wanda ya shiga ya sani. Sai dai tarihin adabi bai goyi bayan a mayar da ita doka ba. An haifi Stephen Crane na Amurka a 1871, shekara shida bayan ƙare yaƙin basasar ƙasarsu, kuma bai taɓa ganin fagen fama ba lokacin da ya fitar da The Red Badge of Courage a 1895, littafin da har yau ake karantawa don gane tsoron ƙaramin soja. Tom Clancy dillalin inshora ne da bai yi aikin soja ba, amma littafinsa na farko, The Hunt for Red October na 1984, ya tsaya da ƙafarsa saboda tsananin binciken da ya yi a kan jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. A gida, an haifi Chimamanda Ngozi Adichie a 1977, bayan yaƙin basasa da shekara bakwai, ta rubuta Half of a Yellow Sun daga abin da ta ji wurin iyaye da abin da ta karanta. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya gina Burma Boy na 2007 a kan labaran mahaifinsa da ya je Boma. Dukansu sun biya kuɗin shiga da haƙurin tambaya. Matashin Gumel ma yana da inda zai biya nasa: ɗakin karatun Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano inda zai ga kayan yaƙi da idonsa, da littafin Baba ta Karo inda wata tsohuwa ta faɗi yadda hari yake a idon mace. Sama da duka akwai dattawan fada da makaɗa da maroƙa masu riƙe da kirarin mazan jiya, da tsofaffin sojoji da ke zaune a unguwanni. Zama da irin waɗannan yana da ladabi. A je da gaisuwa, a ce Baba ko Malam, a nemi izini kafin a ɗauki murya, kada a fara da tambayar mutum nawa ya kashe. A tambaye shi abin da suka ci, da wanda ya fi ba su dariya, da ranar da wasiƙa ta zo. Sauran zai fito da kansa in ya yarda da kai, in kuma bai fito ba, shirun nasa ma darasi ne.

Suka ta biyu ta kasuwa ce: masu karatu soyayya suke so da labarin aljanu, wa zai sayi tarihi? Gaskiya ne kasuwar littafin takarda ta ja baya, karatu ya koma waya, ta WhatsApp da Wattpad da masu karanta littafi a YouTube, inda ake son labari mai saurin kamawa. Amma wannan suka ta ɗauka cewa labarin da ya tsaya a kan gaskiya dole ya zama busasshe, alhali ba haka ba ne. Yaƙi ba ya kore soyayya, ƙara mata tsada yake yi. Budurwar da aka sa wa rana aka kwashe ta a hari kwana uku kafin ɗaurin aure, saurayin da ya bi sawu har Zinder da kuɗin fansa da bai cika ba, wannan soyayya ce da ta fi ta falo da mota tsayawa a rai. Ko tsafi da laya da maganin ƙarfe suna da gurbi, domin mayaƙan wancan zamani sun yi imani da su, kuma marubuci zai iya nuna imanin ba tare da ya mayar da labarin tatsuniya ba. Sannan a kasuwar da kowa ke kawo kaya iri ɗaya, mai sabon kaya shi ake tsayawa a gabansa. Biranen ƙage sun yi yawa har sunayensu na shiga juna, amma mai karatu a Gumel da ya ga sunan ƙofar garinsu a littafi zai kira ɗan'uwansa ya nuna masa.

Suka ta uku ta fi sauran nauyi: tone-tone. Gumel da Haɗeja yau 'yan jiha ɗaya ne, Damagaram kuma dangi ne da abokan ciniki, ga auratayya ta haɗa kowa. A cikin gari akwai jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kama. Me zai sa a tayar da abin da ya kwanta? Amsa ita ce hatsarin yana cikin yadda aka rubuta. Littafin da ya mayar da mutanen garinsu mala'iku, maƙwabta kuma shaiɗanu, zai iya hura wuta, kuma ko ta fuskar fasaha ma littafi ne mai rauni. Wanda ya ba maharin Damagaram uwa da yunwa da tsoro, ya kuma yarda cewa nasa mutanen ma sun kai hari sun kamo na wasu, yana kashe wutar ne, domin yana nuna bala'in na zamani ne da ya ci kowa. Al'adarmu ma ta san wannan magani: wasan barkwanci da ke tsakanin garuruwa da ƙabilu sau da yawa tsohuwar gaba ce da aka narkar ta zama zumunci, kuma ba a narkar da ita ta hanyar mantuwa ba. Abin da ya wajaba shi ne kiyaye mutunci. Kada a jingina bauta ko cin amana ga gidan da ake iya ganewa, kada a sa wa sarkin gaske maganar da za ta zubar da darajar zuriyarsa ba tare da hujja ba. A ƙagi talakawan labari, a bar manyan tarihi a kan abin da aka tabbatar.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani ga mai rubuta yaƙin da ake ciki yanzu. Gawarwakin ba su daɗe a ƙasa ba, matan sojoji da marayu suna raye, waɗanda aka raba da garuruwansu suna karatu. Marubuci ba ya da hurumin mayar da littafinsa makarantar koyon haɗa makami, ko ya ƙawata mai kisa har yaro ya yi sha'awar zama shi, ko ya kwashi sirrin da wani soja ya faɗa masa cikin amana ya baza. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan uwar wanda aka kashe ta karanta wannan shafi, za ta ce an faɗi gaskiyar ɗanta, ko za ta ce an yi kasuwanci da jininsa? Duk shekara ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, a yi fareti a watse. Littafi mai kyau yana iya yin abin da fareti ba ya yi, ya tsaya a kan mutum ɗaya ya ba shi suna da murya.

Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da littafin farko ita ce a ƙanƙanta shi. Sabon marubuci yakan so ya haɗiye ƙarni guda da sarakuna goma a tashi ɗaya, ya ƙare da jerin sunaye. Gara rani ɗaya, ƙauye ɗaya, mutum uku ko huɗu da mai karatu zai san tafiyarsu ko a duhu. A rubuta da Hausar yankin, da kalmomin da Barebari da Mangawa da Fulani suka zuba mata, a bar dattijo ya yi magana kamar dattijo. In an gama, a ba mutum biyu su karanta kafin kowa: wanda ya san tarihi ko aikin soja don ya kama kuskure, da wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa don ya gyara ƙugiya da rabon kalma. A jure gyara, a sake rubutawa, kada zumuɗin ganin suna a bango ya sa a saki ɗanyen aiki, domin littafin farko shi ke gaya wa jama'a ko za su jira na biyu.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne masu riƙe da labarin suna tafiya. Waɗanda suka je Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka yi yaƙin basasa suna samari yanzu sun haura saba'in, tsofaffin da suka ji labarin harin Damagaram daga bakin kakanninsu kuma ƙidaya ake yi. Birnin aljanu zai jira marubuci har shekara hamsin, ba abin da zai same shi. Tsohon da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida a Gagarawa ko Sule Tankarkar ba zai jira ba. Matashin da ke son zama marubucin yaƙi ya ɗauki littafin rubutu da goro ya je ya gaishe shi tun yana nan, domin babin farko yana bakinsa.